Ciyawar da Ke Gumin Gishiri

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya yi ruwan daɗi ya yi na gishiri, ya ba kowanne abin da zai tsiro a bakinsa. Ni ce Tabawa ta Gangaren Ƙirya. Ku gyara zama, ku bar mutsu-mutsun nan. Inda ƙafata ta taka shi zan faɗa, abin da idona bai gani ba kuwa ba za ku ji shi a bakina ba.

Garinmu fadama ɗaya gare shi, ita ke riƙe mana dabbobi da rani. A shekarar da rijiyoyi suka koma zartsi, fadamar nan ta soma yin fari kamar an barbaɗa mata gari. Ciyawar burgu ta tafi, harƙiya ta bi ta, har ƙiri-ƙiri da ba ya jin fartanya shi ma ya haƙura. Shanuna tara ne, rani ɗaya ya bar mini huɗu. Da aka gama kaka sai mai gari Cindo ya tara mu a gindin ƙirya ya ce, "Jama'a, mu ƙara damina ɗaya. In an kai amfanin baɗi gida fadamar nan tana nan fara, kowa ya ɗaure kayansa, mu nemi wata ƙasa."

Maza suka sunkuyar da kai. Ni kuwa ɗakunan gidana uku da hannuna na kwaɓa ƙasarsu, ban ga dalilin da zan bar wa ƙadangaru su ba.

A makon nan wani bafatake ya sauka bakin rijiyarmu, ya kurɓi ruwan ya tofar, ya ce, "Wannan ne gishirin da kuke wa kuka? A can ƙarshen ƙasa, inda teku take, na ga ciyawa tana shan wanda ya fi wannan sau goma, kuma kore shar." Mutane suka yi dariya. Ni na tambaye shi hanya.

Maigidana, Malam Barau, mutum ne mai sanyi. Ya same ni ina ɗaure garin gero da fartanyata, ya ce, "Tabawa, me mutane za su ce? Mace ta bar gida ta tafi neman ciyawa?"

Na ce, "Su ce ta tafi neman ciyawa. Kai dai ga shanu huɗu nan, Malam. In na dawo na tarar da uku, za ka yi mini bayani."

Wata uku na yi ina tafiya. Na ratsa ƙasar duwatsun da ke maimaita wa mutum maganarsa sau bakwai, inda mutanenta ba sa faɗa da juna don gudun jin zagi ya dawo musu. Na wuce dajin da itatuwansa ke tsaye a kan ƙafafu kamar za su bi ka. Na iso wani kogi da na gani da safe yana gangarawa kudu, na kwanta a inuwa na huta, da na tashi na tarar yana komawa arewa. Na wanke fuskata na sake dubawa. Arewa dai yake yi. A nan na san na shigo ƙasar da ake kira Cika-da-Janye.

Bayan kogin sai ga ta. Ciyawa, iya ganin ido, kore, iska tana kwantar da ita tana tayarwa. Na tsinki ganye ɗaya na tauna, gishiri ya cika mini baki. Ban tsaya neman kowa ba, na tattare zanena na kutsa ciki.

Sai ruwa ya zo. Babu hadari, babu yayyafi, rana tana tsaka, ruwa kawai ya taso ta cikin ciyawar yana rarrafe. Na juya zan koma, laka ta kama ni har gwiwa, na yunƙura ta kai cinya. Kifaye masu idanu a saman kai suna tafiya a kan lakar da hannuwansu suna kallona. Ihu ba ya fitar da ƙafa, saboda haka ban yi ba. Na lura inda doguwar ciyawar ta yi kauri ƙasar ba ta nutsewa. Na rungumo ta dami-dami na kwantar, na kwanta a kai rub da ciki, na zaro ƙafa ɗaya, na zaro ɗayar, na ja jiki kamar ƙadangare har na kai wani ɗan tudu. Takalmana dai suna can har yau.

A kan tudun na tarar da wani tsoho a zaune cikin kwale-kwale, yana ta dariya har da riƙe ciki.

"Sannu, 'yar tudu! Tun ɗazu nake jira ki kira ni."

"Da ka ga ina nutsewa sai an kira ka?"

"To ai na ga kina da dabara, na ce bari in koya."

Sunansa Jatau. Ya kai ni gidansa, wanda ke kan tsibin laka kamar sauran gidajen ƙasar, kowanne ruwa na kewaye shi sau biyu a yini ya janye. Matarsa Ladingo, doguwa, ta girme ni da kamar shekara goma, magana ba ta dame ta ba. Ta wanke mini ƙafafu, ta ba ni tuwo da miyar wani tsiro marar ganye, gaɓa-gaɓa kamar yatsun jariri, suna ce masa yatsun ruwa. Ba a sa wa miyar gishiri, da nata take zuwa. Al'adarsu baƙo ya ci kwana uku ba a tambaye shi abin da ya kawo shi ba.

Kwana biyu ina ci ina kwanciya, abin ya dame ni. Ban saba cin abincin da ban yi wa aiki ba. Abu na biyu da ya dame ni shi ne bayan madafar Ladingo, wajen da ke fuskantar teku. Ciyawa ce cunkus tun daga bakin ruwa har jikin bango, ƙaguwa na shiga tana fita. A garinmu macen da ta bar ciyawa ta taɓa bangonta, da ita za a yi hira a bakin rijiya. Na ce a raina, baiwar Allah girma ya kama ta, miji kuma sai dariya ya iya.

Rana ta uku suka tafi duba tarkon kifi. Na ɗauko fartanyata. Tun hantsi nake noma har azahar, na tumɓuke saiwa, na tara, na share, wuri ya yi fes kamar masussuka. Ban taɓa yin noma mai kyan wannan ba. Na wanke hannu na zauna ina jiran godiya.

Ruwan la'asar ya riga su isowa. Ina kallo ya lashi gefen da na share, ya koma, ya dawo ya gutsura. Kafin in miƙe ƙasa ta tsage, madafar ta karkata, ta zauna cikin ruwa da tukwanenta da murhunta. Daidai nan kwale-kwalensu ya iso.

Ladingo ta dubi wurin, ta dubi tarin ciyawar, ta dubi fartanyar. Jatau ne ya cire hula ya ce, "Shekara arba'in teku tana neman madafar nan ba ta samu ba, ashe jira take a turo mata 'yar tudu da fartanya."

Na ce, "Yaya, gyara na yi niyya."

Ladingo ta ce, "Na gani." Ta tsuguna ta ɗauki saiwa ɗaya daga cikin tarin ta nuna mini. "Kin ga wannan? Ita ke ɗinke ƙasar. Duk tsibin nan da muke kai, ciyawa ce ta tara shi, kakata ta fara, ruwa na kawo laka ita tana riƙewa. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya cika, babban ruwa ya zo. In ya tarar da wurin nan tsirara, ba madafa kaɗai zai ɗauka ba."

"Me za a yi?"

"Ba za a yi ba, ke za ki yi. A nan wanda ya cire shi ke dasawa. Za mu taya ki da baki, ban da hannu."

Ban yi gardama ba, don hukuncin daidai ne. Washegari da ruwa ya janye na ɗauki kwando na tafi inda doguwar ciyawar take, wadda suke kira tsayau, ta fi ni tsawo, karanta kamar na gamba. Na haƙo, na kawo, na dasa ta ko'ina, daga ƙasa har sama, layi-layi kamar dawa. Ladingo tana zaune tana gyaran kifi, ta ce, "Ta saman nan ba za ta yi ba." Na ce a raina, ni za a koya wa dashe? Kwana biyu ta saman ta yi yaushi ta kwanta. Kwana biyu cikin sha ɗaya sun tafi a banza.

Na je na durƙusa gabanta na ce, "Yaya, faɗa mini."

Sai ta tashi ta kama hannuna, muka gangara har bakin ruwa, muka hauro a hankali tana nuna mini. Tsayau a can ƙasa take zama, inda ruwa ke rufe ta sau biyu kullum, in ba ta sha wannan wankan ba mutuwa take. Sama da ita yatsun ruwa, masu son laka mai laushi, waɗanda ke yin ja wur in sanyi ya shigo. Akwai wata mai fure shuɗi-shuɗi, na tambayi amfaninta, Ladingo ta ce kyau, na ce mu wuce. Can sama kuma, inda ruwa ba ya kaiwa sai wata ya cika, inda rana ke gasa ƙasa har ta yi ɓawon gishiri, wata gajeriya ce mai rarrafe, ba ta kai tsawon tafin hannu biyu ba. Ladingo ta ce in shafa ganyenta. Na shafa, yatsana ya fito da farin gari.

"Mai gumi ke nan," in ji ta. "Ta sha gishirin ta saiwa, ta fitar da shi ta ganye."

Ta koya mini haƙa. Ba a tumɓukewa, yankowa ake da lakarta kamar curin fura, kuma ba a ɗiba biyu wuri ɗaya, sai an yi taku goma, don kada a gyara nan a ɓata can. Ba a dasawa a layi, don ruwa layi yake bi. Aiki kuma sai ruwa ya janye, in ya dawo dole ka hau tudu ka zauna ko kana so ko ba ka so. Wannan zaman shi ya fi ba ni wuya.

A zaman ne na ga abin da zai faru. Dashen yana kamawa, amma tsakanin curi da curi laka ce tsirara, kowane ruwa sai ya ɗebi kaɗan. Kwana tara ba su isa saiwa ta haɗu ba. Na dubi tarin ciyawar da na nome, ta bushe a rana. Na jawo ta na fara saƙar zana, irin wadda muke kewaye gida da ita.

Jatau ya leƙo ya ce, "'Yar tudu, tabarmar zaman makokin gidan kike saƙa mana?"

Na ce, "In ba za ka taya ba, matsa mini daga haske. Kuma bakin da aka ce za a taya ni da shi, ba irin naka ake nufi ba."

Zana bakwai na saƙa. Na shimfiɗa su a kan lakar, na huda wa kowane curi ƙofa, na kafe su da turaku. Mutanen tsibin da ke kusa suka zo a kwale-kwale suna kallo, don ba su taɓa ganin an yi wa laka shimfiɗa ba.

Ran da wata ya cika, babban ruwa ya zo da la'asar. Ya rufe tsayau har ba a ganin kanta, ya rufe yatsun ruwa, ya hau kan mai gumi, ya zo ya taɓa dokin ƙofar Ladingo. Muna tsaye mu uku a ƙofar ɗaki. Ruwan ya daɗe yana tunani. Sannan ya fara ja da baya. Zana ɗaya ya tafi da ita, shida suna nan, kuma a kansu ya bar sabuwar laka mai kaurin yatsa biyu.

Ladingo ta taka wurin da ƙafarta, ta danna, ta ce, "Ƙanwata, yanzu faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa mata komai, fadama da shanu da maganar mai gari. Na ce tsayau nake so, mai tsawo, wadda za ta cika cikin saniya.

"Kuna da ruwan da ke zuwa sau biyu a yini?"

"Sau ɗaya a shekara ma da ƙyar."

"To kin manta kwana biyunki na farkon dashe ke nan. Mai gumi za ki ɗauka. Ba ta da kyan gani, amma ƙasarku irin tata ce."

Na ƙara wata guda a wurinsu, na gina mata madafa da ta fi ta da, na koya wa matan tsibi shida saƙar zana. Ran tafiya Ladingo ta cika mini masaki da curi goma sha biyu na mai gumi, kowanne da lakarsa, da gora biyu na ruwan teku. Ta ce in riƙa surka shi da ruwan hanya kaɗan-kaɗan, don ciyawar ta saba da baƙon ruwa tun kafin ta isa. Jatau ya kai ni har bakin kogi, ya ce, "In kin sake zuwa, don Allah ki bar fartanyar a gida."

Hanyar da na bi da zuwa ruwa ya cinye ta, dole na bi ta ƙasar Sarkin Gishiri. A ƙasar nan gishiri duk na sarki ne, ko ƙwaya ba ta fita. A ƙofar ganuwa akwai dogarai da ba su da aiki sai ɗanɗana kayan matafiya, leɓunansu duk sun tsattsage. Abin da suka ji gishiri a cikinsa sai su ƙwace su zuba a rumbun sarki. Na tsaya daga nesa na ga sun lashi buhun wani, sun lashi sirdin jakinsa, sun karɓe duka biyun.

Na koma bayan gari. Sauran ruwan tekun na juye shi duka a cikin lakar, na ɗauraye gorunan. Na wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya da ruwan rafi. Sannan na bi sawun garken shanu na samo kashinsu sabo, mai ɗumi, na shafe saman lakar da shi kaurin tafin hannu.

Babban dogarin ya ce, "Iya, sauke. Mene ne wannan?"

"Ciyawa ce, ɗana."

Ya tsinki ganye ya tauna, bai ji komai ba. Ya leƙa cikin masakin, ya ja da baya. "Ƙasan fa?"

"Abincinta ne. Ɗanɗana mana, ai aikinka ne. Sa yatsa sosai, ka kai ƙasa."

Ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi sama. Na ce, "Ko in kira muku shugabanku ya zo ya ɗanɗana da kansa? Rana tana yi, ni ba yarinya ba ce." Ya ce in ɗauki kayana in wuce, har da taya ni ɗorawa, yana kau da hanci.

Curi uku suka mutu a hanya. Na iso Gangaren Ƙirya da tara, ana saura kwanaki ruwan farko ya sauka, wuyana ya ƙage har sai na juya jikina duka in zan dubi mutum. Shanu huɗu na tarar, ƙashi da fata, amma huɗu. Na ce wa Malam Barau ya yi ƙoƙari.

Na dasa su a tsakiyar fadama, inda farin ya fi yawa, na kewaye da ƙaya. Mata suna wucewa suna cewa, "Tabawa, wata bakwai don wannan? Ai ko akuya ba ta ƙoshi." Damina ta yi, mai gumi ta miƙa hannuwa ta ƙarƙashin ƙasa, nan ta ɓullo can ta ɓullo. Duk inda ta yi kauri na yanko curi na kai gaba. Da ruwa ya ɗauke, komai na fadamar ya ƙone, wurina kaɗai ya rage kore, faɗin masussuka uku, da safe yana ƙyalli.

Aka kai amfani gida. Mutane suka fara ɗaure kaya, wasu har sun ɗora wa jakuna. Na je na sami mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a tashi a zo a ga abu ɗaya."

Ya zo, gari ya biyo shi. Ya dubi ciyawar ya ce, "Kore kam kore ce, Tabawa. Amma abin da ya tsiro a gishiri, dabba za ta ci? In ba ta ci ba, ado kika dasa mana."

Na buɗe ƙayar, na jawo babbar saniyata, Kyalla. Ta sunkuya, ta shinshina, ta yi atishawa, ta ɗaga kai ta juya mini baya. Wani ya yi dariya daga baya. Wata bakwai, da wuyana, da madafar mutane, ga saniya tana kallon gabas.

Ana cikin haka sai wata akuyar mai gari, baƙa mai karyayyen ƙaho, wadda duk garin an san ta da ɓarna, ta kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane ta faɗa ciki. Ba ta shinshina ba. Ta hau ci kamar an aiko ta. Kyalla ta waiwayo ta ga akuya a cikin abin da aka ba ta, ta sa ƙaho ta ture ta gefe, ta kafa kai. Muna jin ƙarar tsinkar ciyawar. Sauran ukun suka fizge igiya daga hannun Malam Barau.

Mai gari ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan ɗin zai ishi garin?"

Na ce, "Bana ba zai isa ba, ranka ya daɗe. A haɗa da karan dawa a lallaɓa. Kowane gida ya turo mini mutum ɗaya da kwando, in nuna masa yadda ake yanka. Baɗi war haka a sake tambayata. Kuma a fitar mini da akuyar nan."

Ya juya ya ce wa jama'a a sauke wa jakuna kaya.

Shekara talatin da huɗu ke nan. Fadamar da kuke kora shanu cikinta, daga ƙirya har bakin rafi, curi tara ce. Shanunmu ba a ba su kanwa, suna samu a abincinsu, nononsu kuwa kun sha kun sani. Iyakar abin da na gani ke nan, na kuwa faɗe shi. Ku tashi, rana ta yi sanyi, a je a koro su.